Ƙwararru Sun Tafi, Wa Aka Bar Wa Aikin?



A shekarar 1988 aka jibge dubban durom-durom na guba daga Italiya a Koko, wani ƙaramin gari na bakin ruwa da ke jihar Delta a yau. Abin ya tayar wa ƙasar nan hankali. A wannan shekarar gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, a 1992 kuma ta fitar da doka mai lamba 86, wadda ta ce duk wani babban aiki, dam ne ko titi ko masana'anta, ba za a fara shi ba sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin. Daga nan kasuwar ƙwararrun da ake ɗauka haya ta buɗe, waɗanda a ofisoshinmu ake kira kwansaltan.

Ga yadda aikin yake tafiya. Hukuma ta ba kamfani kwangilar bincike, shugaban tawaga ya haɗa mutanensa: masanin ruwa, masanin ƙasa, mai zanen taswira, da matasan da za su shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi. Ƙa'ida ita ce a je wurin da rani, a sake komawa da damina, domin fadamar da ka gani ƙeƙasasshiya a watan Maris, a Agusta kwalekwale ne ke ratsa ta. In an gama rubutu, sai a baje rahoton na kwana 21 na aiki, mai ƙorafi ya zo ya yi.

Na taɓa bin irin wannan tawaga zuwa wani ƙauye da za a ratsa da hanya. Wata matashiya ta durƙusa a bakin rijiya tana cika kwalabe, tana rubuta lamba da lokaci a jikin kowace, tana jera su cikin kula mai ƙanƙara don kada rana ta ɓata ruwan kafin a kai ɗakin gwaji. Watanni ba a biya ta alawus ba, saboda hukumar ba ta saki kashi na biyu na kuɗin kwangilar ba, amma kwalba ɗaya ba ta tsallake ba. Mai unguwa kuwa ya ja mu bayan masallaci, ya ɗora yatsa a kan wani zane da ke jikin katanga, ya ce, "Ɗiyata, rubuta, nan ruwa ya kawo shekarar da muka kwana a makaranta." Ya kuma nuna mana burtalin da shanu ke bi, wanda babu shi a taswirar da muka zo da ita.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, jami'in da ma'aikata ta ware ya raka tawagar bai zo ba. Ba a ba shi kuɗin mota ba. Shi ne kuma wanda zai kula da wurin nan shekara da shekaru bayan kamfanin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bai ga zanen da ke jikin katanga ba, bai san rijiyar da aka ɗebi ruwa ba. Abin da ya iske a teburinsa kundi ne mai kauri da Turanci, irin wanda aka ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda manomin da gonarsa za ta tafi ba zai iya karanta ko shafi ɗaya ba.

Mun san abin da sakaci irin wannan ke haifarwa. An gina dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato, rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwan kogin Haɗeja, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, masunta da manoman shinkafa suna ɗanɗana kuɗarsu har yanzu.

Yau ga shirin kare muhalli na ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Kaso mai tsoka na aikin tsarawa a hannun ƙwararrun haya yake, kuma ɗaukarsu ba laifi ba ne, don ma'aikatunmu ba su da kayan gwaji da hannayen da za su wadatar. Sai dai mai aikin ne ke biyan wanda zai bincike shi, kuma kowa ya san nauyin bakin wanda aka ciyar. Maganin wannan shi ne jami'in gwamnati da ya san aikin ciki da bai, wanda zai duba rahoto ya ce, "Malam, ina bayanan damina?"

Don haka muna kira ga kwamishinonin muhalli da manyan sakatarori: a rubuta cikin kowace kwangila cewa ma'aikatan hukuma za su fita fili tare da tawaga, da kuɗin tafiyarsu a ware. A biya kamfani a kan kari, a kuma tabbatar haƙƙin matasan da ke yawo cikin rana ya isa hannunsu. Taswira da sakamakon gwaji su zauna a kwamfutar ma'aikata. Kafin kwana 21 ɗin nan su cika, a karanta taƙaitaccen rahoton da Hausa, ko Kanuri, ko Fulfulde, a ƙofar gidan dagaci da kuma a gidan rediyo, mai unguwa ya ji ko an rubuta burtalin da ya nuna.