Fedal Ɗin Jita: Mai Ƙwaƙwalwa Ko Mai Aiki Ɗaya?

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ke kaɗa jita a wajen bukukuwa a nan Kotobabi ya same ni da shawara. Ya ce, "Kawu, na tara ɗan abin da na tara, amma ba zai sayi biyu ba. Wanne zan ɗauka?" Fedal yake nufi, wato akwatin nan da ake sakawa tsakanin jita da amfilifaya, makaɗi ya taka da ƙafa sauti ya sauya. Na ga amsar ta shafi samarinmu da yawa, daga Nima zuwa Maamobi, shi ya sa na kawo ta nan.

Fedal iri biyu ne. Na farko aikinsa ɗaya tak: ko ya sa sauti ya yi kauri da gurnani, ko ya maimaita shi kamar amsa-kuwwa. Irinsa ne Boss DS-1 da ya fito a 1978, wanda har yau ana ƙera shi. Maɓallan murɗawa uku ke jikinsa, batir ɗaya mai bolt 9 ya ishe shi. Na biyu kuwa ƙaramar kwamfuta ce da ke kwaikwayon fedal iri-iri, kana iya tsara sautinka ka adana, ka kira shi da taku ɗaya. Kamfanin Line 6 ya yaɗa wannan salo da na'urarsa POD a 1998, yanzu kuma akwai masu sauƙin kuɗi irin su Zoom G1 Four.

Masu son na farko suna da hujja, ba zan tauye musu ba. Abin da ke cikinsa kayan lantarki ne na yau da kullum. Idan ya lalace, mai gyaran rediyo zai nemo kayan a Zongo Lane ya tashe shi. Mai ƙwaƙwalwa kuwa, ranar da ƙwaƙwalwar ta ƙone, sau da yawa sai dai haƙuri. Mu da muka sha dumsor mun san ɓarnar da wutar janareta mai hawa da sauka ke yi.

Duk da haka, na ce wa yaron ya fara da mai ƙwaƙwalwa. Dalili na farko aljihu ne. Mai aiki ɗaya ba ya wadatarwa shi kaɗai; sai ka haɗa uku ko huɗu, kowanne da wayarsa, kuɗin ya zarce na guda ɗaya mai ƙwaƙwalwa. Dalili na biyu yanayin aikin. A bikin aure na Zango, yanzu ana hailaif, an jima a nemi rege, kafin ka numfasa gwaggon amarya ta ce a juyo da kiɗan Hausa. Ba wanda zai jira ka ka durƙusa kana murɗe-murɗe. Batun wuta kuma, Zoom ɗin nan yana aiki da ƙananan batura huɗu, sai ka raba shi da janareta.

Sai dai na gindaya masa sharaɗi, kuma nan ne ainihin maganata. Waɗannan na'urori suna zuwa da sautukan da kamfani ya riga ya tsara, galibi don kunnen masu kiɗan rok na Amurka da Ingila. Yaro ya kunna, ya ji gurnani, ya ɗauka ya iya. Ƙarshenta makaɗa goma su hau dandali, ka kasa bambanta ɗaya da ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Na ce masa ya goge su, ya fara daga sautin jita tsantsa, ya ƙara abu ɗaya, ya saurara, sannan ya ƙara na biyu.

Magabata sun isa misali. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, kuma daga kiɗan farko ka san shi ne. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ana sauraronsa a Turai da Amurka. A nan gida, jitar Koo Nimo ba ta buƙaci wani akwati ba kafin a san ta. Hannu da kunne ne suka ba su murya.

Idan shekara ta zagayo ya ga sauti ɗaya yake komawa kullum, to ya sayi mai aiki ɗaya na wannan sautin, mai ƙwari, wanda zai gyaru. A lokacin ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Makaɗan Zango, ku faɗa mana da wanne kuka fara. Allah Ya sa albarka a sana'a.