Me ƙuda yake ɗauke da shi a ƙafafunsa?

Jama'ar Karofane da 'yan uwa na ci-rani, tun bayan kwalarar daminar 2024 da ta taɓa Buza, Madawa da Ƙonni, ana ta tambayar mu a rediyo: shin ƙuda na da hannu a ciki?

Hanyar kwalara ta farko ruwa ce, rijiya ko tabki da bahaya ya gurɓata. Amma ƙuda ma ba a wanke shi ba. Yakan tashi daga kashi ko kwata ya sauka kan fura, nono ko tsire, ya yi amai a kai don ya narkar da abin da zai sha, ya bar najasarsa a wurin.

Masana sun samu hanyar kama shi dumu-dumu. Ana kama ƙudaje, a niƙa su, a ciro sinadarin gado na ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, wato DNA, sai na'urar PCR ta ninka shi sau miliyoyi har a gane ko Salmonella ce, ko Shigella mai kawo atuni, ko ta kwalara. Aikin awoyi ne, alhali tsohuwar hanya ta renon ƙwaya a ɗakin bincike kan ci kwanaki. A 2017, masana na Amurka da Singafo sun karanta DNA na ƙudaje 116 daga nahiyoyi uku, suka iske ɗaruruwan ire-iren ƙwayoyi, kuma ƙafafu da fukafukai ne suka fi ɗaukar kaya.

To amma awon na da iyaka. PCR na ganin sawun ƙwaya ko da ta mutu, don haka ba ya cewa lalle wanda ya ci abincin zai kwanta. Ga tsada, ga buƙatar lantarki marar yankewa. A ƙasarmu, cibiyar CERMES ta Yamai ce aka sani da irin wannan awo, kuma ita ke tabbatar da kwalara daga samfurin marasa lafiya. Likitarmu ta nan ba ta da na'urar.

A ganinmu, amfaninsa gare mu shi ne gargaɗi. Da hukumar lafiya za ta riƙa auna ƙudajen kasuwa da na mahauta farkon damina, da an san inda za a fara tsafta kafin a fara kai yara likita. Gyaran kuwa ba ya jiran Yamai: a ƙauyukan Pakistan, wani bincike na 1999 ya nuna rage ƙuda ya rage zawon yara da kusan kashi 23 cikin 100.

Magajin gari na da aikin fidda juji nesa da rumfunan nama. Ku kuma na Libiya da Najeriya masu aiko kuɗin cefane, ku tambayi mutanen gida ko salanga na da murfi, ko akwai sabulu kusa da buta.