A daina rataya wa korona jakar tsaba

Maudu'inmu na wannan makon shi ne annoba da rashin aikin yi. Ni dai ban yarda da karatun da aka saba biya mana ba, wai korona ce ta durƙusar da tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Ta yi ɓarna, babu musu. Amma a Najeriya faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ku duba alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. A 2018, tun ba a san da cutar ba, marasa aikin yi sun kai kashi 23.1 cikin ɗari. Kafin nan, a 2016, tattalin arzikin ya karye saboda faɗuwar farashin ɗanyen mai. A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, harkoki suka tsaya a Jibiya da Illela da Maigatari. Da annoba ta iso, adadin ya hau 27.1 a tsakiyar 2020, ya kai 33.3 a ƙarshenta. To kashi 23 ɗin farko fa, wa ya kawo shi?

Sannan aka kwaso dokar kulle daga Turai, aka baro abin da ke tafiya da ita. A Ingila gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 na albashin waɗanda aka zaunar a gida. A Kano kuwa, cikin Afrilun 2020, ɗan adaidaita sahu da mai shayi da ɗan dakon Kantin Kwari aka ce su kulle ƙofa, mutanen da sai sun fita ake ɗora tukunya a gidajensu. Ba su da albashi balle a biya su wani kaso. Kayan tallafin kuma sai a Oktoba aka gan su jibge, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos.

Wani zai ce ai tattalin arzikinmu bai ragu da ko kashi 2 ba a 2020, kuma a 2021 ya haɓaka da sama da kashi 3. Haka alƙaluman da aka fitar a lokacin suka nuna. Sai dai wannan lissafin bai san telar da ya sayar da kekensa ya ci ba, bai san malamar makarantar kuɗi da ta yi watanni babu ko sisi ba. Jarin da aka cinye a kulle ba ya dawowa don an buɗe gari.

A 2023 hukumar ta sauya ma'auni: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya zama mai aiki. Adadin ya sauko zuwa 4.1. An ce ma'aunin duniya ne. To, amma matasan da ke zaune a bakin layi ba su ragu da ko mutum ɗaya ba saboda shi.

Don haka idan za ku rubuta labari ko waƙa a kan wancan lokaci, kada ku tsaya a "annoba ta zo, Allah ya kiyaye gaba". Ku tambayi wa ya ba da umarnin kulle, wa ya riƙe makullin rumbu, me ya sa har yau kasafin ƙasa ke rataye a wuyan gangar mai.

Mai ja ya zo da alƙalumansa, fili a buɗe yake.