Sunayen Ɗalibanmu Ba Kayan Talla Ba Ne

Bara, a nan Gabi, sau uku aka nemi jerin sunayen ƴan ajina: na jarrabawa, na rigakafi, na abincin makaranta. Duka ta WhatsApp aka ce in tura. Bayan mako biyu wani uba ya tare ni a kasuwa, ya ce: "Malam, me ya kai sunan ƴata da lambar wayata hannun mutanen da ban sani ba?" Na rasa ta cewa, domin ni na tura.

Kada wani ya ce mana babu mafita. Tun fitowar Windows Server 2003, kundin Active Directory na Microsoft yake ba da damar a yanka wa kowace manhaja nata sashe, tamkar gidan gandu: zaure ɗaya, amma kowane magidanci da ɓangarensa. Abin da ke sashe ba ya zuwa sai kwamfutocin da aka zaɓa, kuma ana iya ƙayyade mai dubawa. Ba sai an bi ɗaya bayan ɗaya da hannu ba. Ƴan layukan umarni sun isa a buɗe sassa masu yawa. Mai rigakafi ya ga nasa, mai jarrabawa ya ga nasa.

Za a ce ƙauye ba lantarki. To, kundin ya zauna a Maradi mana! Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma ƴaƴan talakawa ma mutane ne.

Iyaye, ku riƙa tambayar inda sunayen ƴaƴanku suke zuwa. Malamai ƴan'uwana, amana aka ba mu. Ni dai na daina turawa.