Klara da Tsohuwa Makauniya

Akwai wani littafin hikaya mai suna Heidi, wanda wata mata, Johanna Spyri, mutuniyar ƙasar Suwizalan, ta rubuta da Jamusanci. Kashi na farko ya fito cikin 1880, na biyu kuma cikin 1881. Labarin wata marainiya ce, Heidi, wadda aka kai ta wurin kakanta a bisa duwatsu tana da shekara 5. Da ta kai shekara 8 aka tafi da ita birnin Frankfurt, don ta riƙa ɗebe wa wata 'yar attajiri kewa. Sunan yarinyar Klara, ba ta iya tafiya, kullum tana cikin keken guragu.

Yawancin masu karatu sun fi son ƙarshen labarin. Klara ta zo duwatsu baƙunci. Wani yaro makiyayin awaki, Peter, kishi ya kama shi, ya tura keken nata ya gangara ya farfashe. Da iska mai kyau da nonon akuya da taimakon kakan Heidi, sai ga Klara ta miƙe tana tafiya. Ubanta ya zo ya gani, murna ta cika gida.

Abin da daɗin ji, amma mai karatu mai lura ba zai gamsu ƙwarai ba. Yaron da shan inna ya shanye masa ƙafa, in ya karanta wannan wuri, yana iya tambaya, shin sai ya warke ne za a yi murna da shi? Ai sau da yawa irin wannan ƙafa ba ta komawa yadda take, ko an sha nonon akuya ƙwarya ɗari.

Inda littafin ya fi kyau shi ne wajen kakar Peter. Tsohuwa ce makauniya, matalauciya, tana zaune cikin wata bukka da iska ke kaɗawa. Ran da Heidi ta gane babu mai iya buɗe mata ido, ta yi kuka mai yawa. Daga nan ta shiga neman abin da za a iya. Ta lura tsohuwa ba ta iya cin baƙin burodi mai tauri, sai ta riƙa ɓoye mata mai taushi a Frankfurt. Ta sa kakanta, mutumin da ba ya shiga jama'a, ya sauko da guduma ya gyara ƙyauren taga. Da ta koyi karatu kuwa, ta zauna gefenta tana karanta mata waƙoƙin addini.

Har littafin ya ƙare tsohuwa ba ta ga haske ba. Da kakar Klara ta ce Heidi ta faɗi abin da take so, gadon da ta kwana a kai a Frankfurt ta roƙa, da matasansa da bargonsa, don tsohuwa ta daina jin sanyi da dare.