Ba Kullum Ne Laifin Mabushi Ba

Da zarar ƙahon Turawa ya kauce a faretin makaranta, sai a zargi yaron da ke busawa. A ganina, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Bakin ƙaho mai zurfi yana ba da murya mai kauri, amma hawa sama da shi akwai wuya. Marar zurfi na sauƙaƙa hawa, sai dai muryar ta sirance. Haka kuma, in an danna maɓalli na 1 da na 3 tare, sautin kan zarce inda ya kamata, sai an ɗan zaro bututu na uku. Mu ɗaliban harshe mun san karin sauti ke raba kukan jariri da kukar miya. Don haka malamai, ku duba ƙahon kafin ku tsawata wa yaro.