GIDAN MARI: AN RUFE NA FILI, WA KE LEƘA NA ƁOYE?

Ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsawo.

Satin da ya wuce na je ta'aziyya wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi, na ga wani matashi da tabon ƙarfe zagaye da idon sawunsa biyu. Yana da taɓin hankali, shekara biyu ya yi ɗaure a gidan wani mai magani. Mahaifinsa manomi ne, da buhunan masara yake biya duk kaka. Na ce, Baba me ya sa ba a kai shi asibiti ba? Ya ce, “Ɗan nan, ina zan kai shi? Wa zai tsare min shi in na tafi gona?” Wallahi na rasa amsa.

Kun tuna 2019? A watan Satumba 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka fasa wani a Daura, aka ceto mutum 67, sannan wani a cikin Katsina. Muka yi ta Allah wadai a Facebook, aka garƙame gidajen, kowa ya kama gabansa.

To amma rufe gida bai warkar da kowa ba. Mai taɓin hankali yana nan, yaron da ƙwaya ta lalata yana nan, iyayen da suka gaji suna nan. In ka rufe na cikin gari ba ka tanadi madadinsa ba, na ƙauye ka buɗe wa kasuwa, inda babu idon kowa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato sun yi wa manomin Bakori ko Kafur nisa, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya.

Doka kuwa akwai. Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, ya kuma sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda takarda ke kwana a durowa in ba a ɗora wa kowa alhakinta ba.

Ga abin da nake gani:

1. Duk gidan da ake kwanar da naƙasassu ko masu taɓin hankali ya yi rajista a ƙaramar hukuma, da sunan kowane mutum, ranar da aka kawo shi da wanda ya kawo shi.

2. Jami'in walwalar jama'a da ma'aikacin lafiya su riƙa kai ziyarar ba-zata. In an sanar tun jiya, shara kawai za a yi, a ɓoye sarƙa. Su gana da majinyatan su kaɗai, ba a gaban mai gida ba.

3. A sa dagatai, masu unguwanni da limamai a ciki. Babu gidan marin da mai unguwa bai san da shi ba.

4. Binciken ya haɗa da na gwamnati, har makarantun kwana irin ta kurame da ke Malumfashi. Yaron da ba ya iya magana shi ya fi buƙatar mai leƙa shi.

5. A samar da sashen ƙwaƙwalwa mai magani da ma'aikata a manyan asibitocinmu na kusa.

Ban ce a hana ruƙiyya ko addu'a ba, mu ma da su muka dogara. Amma a nuna min inda addini ya ce a yi wa marar lafiya bulala, a hana shi abinci. Ko alƙalami an ɗauke masa, mu ne za a tambaya.

Ƙafar yaron nan ba za ta koma yadda take ba, amma akwai wasu da ke ɗaure a daren nan. In kana da ɗan uwa a irin gidan nan, ka je gobe ba tare da ka sanar ba, ka ce a nuna maka inda yake kwana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu sauke amana.